Takardar UNESCO a bango, dawakin Kano a turke

A watan Disambar 2024, a taron da ta yi a ƙasar Paraguay, hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta yarda a adana su. An yi ta taya juna murna, gidajen rediyo suka kwana suna yayatawa. Ba a cika wata huɗu ba Ƙaramar Sallah ta zo, 'yan sanda suka ce babu hawa. Dama sun hana a Babbar Sallar 2024, suka kuma sake hanawa a Babbar Sallar 2025. Dalilin kowa ya san shi, sarki biyu ne a gari ɗaya, kuma ba shari'ar sarauta na zo yi ba.

Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne yadda har yanzu jami'ai ke hawa mumbari, ko kunya babu, suna yi mana albishir ɗin haɗin gwiwa da ƙasashen waje domin a mayar da al'adunmu hanyar samun kuɗi. Za a ƙulla yarjejeniya, za a kawo ƙwararru, za a jawo masu yawon buɗe ido. Su zo su ga me? Wane baƙo ne zai sayi tikitin jirgi wata shida kafin Sallah, ya kama ɗaki a otal, alhali sai saura kwana biyu ake sanin ko doki zai fito daga barga?

Ana saura kwana uku Ƙaramar Sallar 2025 na shiga kasuwar Kurmi sayen takalmi. Akwai wani dattijo baduku da na daɗe ina ciniki da shi. Na same shi zaune ya jingina da bango, gabansa ragama da linzami an jera, jalala guda huɗu a naɗe cikin leda don kada ƙura ta ɓata aikin zaren. Na ce, "Baba, yaya kasuwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kasuwa tana hannun kwamishinan 'yan sanda." Tun kafin azumi ya karɓi aikin, ya ci bashin fata da zare, ya zaunar da yara uku suna ɗinki har bayan asham. Biyu daga cikin masu kayan sun bugo waya sun ce a dakata tukuna. Kafin na tashi, wani yaro ya zo karɓar kuɗin aikinsa, aka ba shi haƙuri.

Shi ne mutumin da ba a taɓa gayyata taron bita ba, kuma shi ne tattalin arzikin da ake ta faɗa a baki. Hawan Sallah, Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, da na Ɗorayi ko na Fanisau, kwanaki ne kaɗan a ido, amma cinikin wata biyu ne ko fiye. Maƙeri ya ƙera likkafa, masassaƙi ya gyara sirdi, maɗinki ya kwana kan alkyabba da babbar riga, mabugi ya buga rawani ya yi ƙyalli. Mai harawa da mai dusa suna ciki, haka mai kanwa, da yaron da ke wanke doki, da masu algaita da kakaki da kalangu. Hakimi ɗaya idan ya taso daga ƙasarsa da tawaga, a lissafa tuwon da za a tuƙa da motocin da za a ɗauka haya. Sai mai zoɓo da mai ƙanƙara da mai hoto a Ƙofar Kudu, da ɗan adaidaita sahun da ke jigilar 'yan kallo. Sanarwa ɗaya ta rabin shafi ta shafe duk wannan, ba wanda ya ce musu ko sannu.

Za a ce rai ya fi kasuwa, tsaro ne gaba da komai. Haka ne, sai dai gwamnatin da ke iya tsare taron siyasa na dubban mutane ba ta da bakin cewa doki ya fi ƙarfinta. Masu cewa hawa almubazzaranci ne kuwa, su je Kurmi su gaya wa dattijon nan.

Ba yau aka fara ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ya shiga jerin UNESCO a 2016. A shekarar da ya shiga, ba a ma yin bikin. Ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a tashe shi a 2020. Wato mun ƙware wajen cike takardun neman shaida, mu kai hedikwatar UNESCO a Faris a buga mana tambari, abin da aka buga wa tambarin kuma mu bar shi a rana.

Kada a ce ina ƙyamar baƙi. Duk wanda ya zo da niyyar alheri, marhabin da shi. Amma mu daina yi wa rogo kallon kitse. Wanda ya taɓa halartar irin waɗannan tarukan ya san fasalinsu: babban ɗaki mai sanyi, jaka da biro, shinkafa da kaza, kuɗin mota a ambulan, sannan a ɗauko 'yan rawa su yi minti goma a sallame su. A ƙarshe a rubuta rahoto da Turanci cewa an ƙarfafa wa al'umma gwiwa. Rabin kuɗin ya tafi otal, sauran ya bi ƙwararrun gida. Marinin Ƙofar Mata, wanda aka ce kakanninsa na tsoma zane a karofin nan tun 1498, abin da yake samu shi ne a ɗauke shi hoto hannunsa dumu-dumu da baba, a manna a bangon taron. Karofi da yawa a wurin sun bushe, wasu sun cika da shara, yadin da aka buga a Sin kuma ya cika Kantin Kwari da zanen da aka kwaikwaya daga namu.

Ni a ganina mun juya wa abokan haɗin gwiwarmu na asali baya muna hangen na nesa. Wa ya riƙe marinar Kura shekara da shekaru? Abzinawa ne, da ke sayen turkuɗi mai sheƙi suna naɗawa a Agadez da bayanta, ba tare da an taɓa sa hannu a wata yarjejeniya ba. Wa ke cika Kano da Katsina da Daura ranar hawa? Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tasawa, da 'yan zangon Kumasi da Accra, da 'yan uwa daga Garwa da Marwa. Waɗannan ba sa jiran gargaɗin ofishin jakadanci kafin su taso. Suna sauka a gidan dangi, su sayi hula da riga da takalmi, su haɗa lefe, su koma da kaya a buhu, baɗi su dawo. Bature ɗaya mai kyamara ya fi su daraja a idon jami'anmu, alhali kuɗinsu ne ke kwana a Kurmi.

Su ne kuma muke fara rufe wa ƙofa. An garƙame iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake garƙame ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, amma ban ji wanda ya zauna ya yi tunanin abin da jirgin zai ɗauko ranar jajibiri ba.

A leƙa Nijar ɗin a ga yadda suke yi da kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tahoua ake zagayawa da ita jiha jiha. A shekarar juyin mulkin ma, ga takunkumi ga ƙarancin wuta, sai da aka yi ta a Agadez. Mai masauki ya san baƙi na tafe, mai tsire ya san ragon da zai yanka, makaɗi ya san inda zai kwana. Ba su fi mu kuɗi ba, ranar kawai suka riƙe da daraja.

Abin yi ba ya buƙatar ƙwararre daga waje. A raba hawa da rigimar kujera, a sa shi a doka yadda ba wanda zai soke shi da sanarwar dare ɗaya. Masarautun Kano da Katsina da Zazzau da Daura da Damagaram su zauna su tsara ranakunsu, baƙo ya iya kallon biyu ko uku a tafiya ɗaya. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla kuma, a fara tambaya: nawa ne zai shiga hannun marina da dukawa da maƙera kai tsaye? Fatar akuyarmu da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa a loda zuwa Italiya, idan Italiyawan na son haɗin gwiwa da gaske, su zo a yanka jakar a nan.

Na koma Kurmi bayan Babbar Sallah. Jalala biyu na nan a cikin ledarsu. Yaran uku kuwa saura ɗaya, Baba ya ce biyun sun koma tuƙa adaidaita sahu.