Wanda ya kawo maka maganar matarka, me yake nema?

'Yan'uwana samari, musamman sababbin angwaye, ku saurari labarin Yarima João na Fotugal, ɗan Sarki Pedro na ɗaya. A 1355, yana ƙaramin yaro, kakansa Sarki Afonso na huɗu ya sa aka kashe mahaifiyarsa, Inês de Castro, a birnin Koyimbra. Ya san zafin kisan gilla tun kafin ya mallaki hankalinsa.

Ya taso gwanin doki da farauta, jama'a na ƙaunarsa. Wansa Sarki Fernando ba shi da magaji namiji, sai 'ya mace, Beatriz, don haka idanun mutane da yawa suna kan João. Sai ya auri Maria Teles a ɓoye, ita kuwa 'yar'uwar Sarauniya Leonor ce, matar Sarki Fernando. Marubucin tarihin zamanin, Fernão Lopes, ya ruwaito cewa sarauniyar ta tsorata da wannan aure, ta sa aka raɗa wa João magana biyu: wai matarsa tana cin amanarsa, kuma da ba shi da mata da an ba shi Beatriz, gadon sarauta ya zama nasa.

A nan nake so mu tsaya. Da zargin kaɗai aka kawo masa, wataƙila da ya bincika. Amma an haɗa masa da abin da ransa ke kwaɗayi, shi ya sa bai nemi shaida ba. Wallahi mu ma haka ake kama mu. Aboki ko ɗan'uwa ya turo maka hoton hira a WhatsApp, ka hau kai ka zauna, alhali a zuci ka daɗe kana neman dalilin rabuwa saboda wata da ka hango. An umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari. Ka tambayi kanka ribar mai kawo maganar, sannan ka tambayi kanka me ya sa ta yi maka daɗin ji. Ka zauna da matarka, ka kira manya, ka bar fushi ya kwana.

João bai yi ko ɗaya ba. A 1379 ya je Koyimbra, garin da aka zubar da jinin uwarsa, ya kashe Maria da hannunsa. An yafe masa, amma maganar Beatriz ta bi ruwa, ya ƙare da gudu zuwa Kastil, masarautar da ke maƙwabtaka da Fotugal. A 1383 aka aurar da Beatriz ga sarkin Kastil ɗin, Juan na ɗaya. Da Fernando ya rasu a shekarar, Juan ya tsare João don kada ya yi masa takarar gadon sarautar Fotugal.

Lokacin da majalisar ƙasa ta taru a Koyimbra a 1385 don zaɓen sarki, akwai manyan da ke son João, amma ba ya ƙasar. Aka naɗa ƙaninsa na wata uwa, shugaban ƙungiyar mayaƙan addini ta Avis. João bai sake zama a ƙasarsa ba har ya rasu a Salamanka, a ƙasar Kastil.