Tsayin yaro ake dubawa a lilo, ba shekarunsa ba

Duk sallah sai ka ga iyaye ana ta cacar baki da masu kula da lilo, wai don me za a hana ɗansu hawa bayan shekararsa takwas kuma an biya kuɗin tikiti. Da yawa sun ɗauka wulaƙanci ne ko neman na goro. Wallahi ba haka ba ne.

Ƙarfen nan da ake saukewa kan cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai wani girman jiki, in yaro gajere ne sai ya bar rata, to da lilon ya ɗauki gudu ya fara juyi jiki yana neman yin waje, ta wannan ratar yaro zai iya zamewa, Allah ya kiyaye. Shi ya sa a manyan wuraren wasa na Amurka ake kafa sandar awo a bakin layi, wasu lilukan sai ka kai santimita 122 za a bar ka. Ɗan shekara shida dogo ya wuce, ɗan takwas gajere a dawo da shi.

Ni dai kafin mu fita wurin wasa na Ƙofar Gamji a Kaduna, ko in za mu Magicland a Abuja, a gida nake auna yarana in gaya wa kowa abin da zai hau, kukan bakin layi ba daɗi. Kuma da hantsi muke zuwa, don bayan la'asar ranar sallah cunkoso ya yi yawa, mai lilon ma ba ya samun natsuwar duba ƙarfen kowa da kyau.