Ba kowace gudawa ce ta haƙori ba

Akwai wani yaro a layinmu, Allah Ya jiƙansa, bai cika shekara biyu ba. Duk abin da ya same shi sai an samo masa suna. Gudawa ta ƙi tsayawa, aka ce haƙori ne. Ya rame har wuya ba ya ɗaukar kai, aka ce ya sha ciki. Kunne ya yi ta zubar da mugunya, kakarsa ta ce sanyi ne. Na taɓa leƙa bakinsa yana kuka, harshe da dasashi fari fat kamar an shafa kindirmo, ko nono ya kasa kamawa. Sai da tarin fuka ya kwantar da shi a asibiti aka yi gwaji, aka ga ƙanjamau ce. Ita ma uwar, baiwar Allah, ranar ta san tana ɗauke da ita.

Kowanne cikin waɗannan, shi kaɗai, yana samun yaro mai lafiya. Abin dubawa shi ne su taru a kan yaro ɗaya, a yi magani su dawo: gudawar da ta wuce mako biyu, zazzaɓi mai kai da komo, kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, kumburin gindin kunne biyu mai kama da hangum amma babu ciwo, sai ciwon huhu da ke kama jariri ɗan wata uku zuwa shida yana numfashi sama-sama.

Babba na iya yin shekaru da ƙwayar cutar bai sani ba. Jariri ba shi da wannan sararin. Idan babu magani, kusan rabin yaran da suka ɗauka daga uwa ba sa kai shekara biyu.

Kuma gwajin gaggawa da ake yi wa manya ba ya yanke hukunci ga ɗan ƙasa da wata 18. Idan uwa tana ɗauke da cutar, jini ake ɗiga daga dunduniyarsa a kan takarda, tun yana ɗan mako shida, a kuma fara ba shi Septrin don tare ciwon huhu. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, na yara har narkewa yake a ruwa.

To mene ne ya hana? Mu ne, maza. Mace ta je awo a ce ta kawo maigida a gwada su tare, sai ya murtuke fuska, wani ma ya hana ta komawa. Uban yaron nan har yau bai je ba, kuma na ji ana maganar zai ƙara aure bayan Sallah.