Duwatsun Saliyara Nebada da na Arewacin Najeriya

Duk wanda ya zauna a jihar Kalifoniya ta Amurka zai ji ana alfahari da duwatsun gandun shaƙatawa na Yosamiti, musamman El Kapitan mai tsayin kusan mita 900, alhali shi ɗan ɓangare ne na wani makeken curin giranit, wato wani irin dutse mai tauri, da ya miƙe kimanin kilomita 640 a tsaunukan Saliyara Nebada. Asalin wannan curi kuwa shi ne wani faifan ƙasan teku, wato katafaren ɓangare na ɓawon duniya mai motsi a hankali, da ake kira Faralon, wanda ya riƙa nutsewa ƙarƙashin nahiyar Amurka ta Arewa, ruwan da faifan ya tafi da shi ya sa duwatsun can ƙasa suka narke, narkakken dutsen ya taso amma ya tsaya a cikin ƙasa, ya huce sannu a hankali, galibi tsakanin shekaru miliyan 120 zuwa 85 da suka wuce. Wannan jinkirin hucewa ne ya sa idan mutum ya duba dutsen da kyau zai ga ƙwayoyi farare da baƙaƙe a warwatse, har ana iya ƙirga su da ido.

A ra'ayina, waɗanda ke raina duwatsunmu idan sun kwatanta su da waɗannan ba su yi musu adalci ba. Dutsen Kufena na Zariya da ire-irensa sun samu ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wani tsohon teku ya rufe, nahiyoyi suka yi karo, wato sun girmi na Yosamiti nesa ba kusa ba. Tsaunukan da suka rufe su tuni zaizaya ta cinye, saura tushen. Abin da ya fifita Saliyara Nebada a ido shi ne ɗagowar da ta yi daga baya, da kogunan ƙanƙara da suka sassaƙe kwaruruwanta. Amma yadda ɓawon dutsen ke ɓantarewa falle-falle ya bar kai mai sulɓi, iri ɗaya ne a wuraren biyu.

Duwatsun Jos kuma labarinsu dabam ne, kuma ana yawan haɗa su da na Zariya bisa kuskure. Shekarunsu ba su wuce miliyan 200 sosai ba, ba nutsewar faifai ce ta haife su ba, sun taso ne a tsakiyar nahiya cikin siffar zobe, kuma su suka kawo kuzar da aka haƙa a can, yayin da jijiyoyin duwatsun Kalifoniya suka kawo zinaren da aka gano a 1848.