Wai a kulle dilan ƙwaya ba sai an kai shi kotu ba? Ni dai da sauran magana

Kwana biyun nan sai cin karo nake da maganar nan a Facebook, wai dilolin ƙwaya ba su cancanci a ɓata lokacin alƙali a kansu ba, da zarar an samu labarin mutum yana harkar kawai a ɗauke shi a ajiye shekara guda kowa ya huta. Wallahi na san inda zafin ya fito. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da aka haifa a gabansa tsaye a bakin kwata da rana tsaka, yawu na dalala, bai ma san uwarsa ce take jan hannunsa ba, to ba zai ji tausayin mai sayar masa ba. Binciken da aka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, don haka ba gidan da abin bai leƙa ba.

Amma fa wannan dokar da kuke nema akwai inda ake aiki da ita, kuma ba wata ƙasa ba ce Indiya ce, inda mafi yawan tramol ɗin da ya addabe mu yake fitowa. Tun 1988 suke da doka ta musamman ta hana safarar ƙwaya, PITNDPS, wadda ta ba babban jami'in gwamnati, ba alƙali ba fa, ikon ya sa hannu a takarda a tsare mutum saboda ana zaton ZAI yi safarar ƙwaya nan gaba. Ba tuhuma, ba shaidu, ba beli. Har shekara ɗaya. Abin da kawai aka tanada masa shi ne a sanar da shi dalilan tsare shi cikin kwana 5, in da uzuri 15, sannan wani kwamiti na masu matsayin alƙalan babbar kotu ya duba maganar kafin a wuce wata uku, kuma ko a gaban kwamitin ba shi da haƙƙin zuwa da lauya.

To me ya biyo baya? A 2022 Kotun Ƙolin Indiya ta soke tsarewar wani mutum daga jihar Tripura. 'Yan sanda sun rubuta cewa mutumin nan hatsari ne a gaggauta ɗauke shi, amma sai da takardar ta yi kusan wata biyar kafin a sa mata hannu. Kotu ta ce in da gaske hatsarin na gaggawa ne me kuka zauna yi wata biyar? Wani abin ma da ya fi wannan, ashe kotun da ke sauraron shari'o'insa na ƙwaya ta riga ta ba shi beli, kuma ba a faɗa wa jami'in da ya sa hannun ba, alhali a Indiya samun beli a shari'ar ƙwaya ba ƙaramin aiki ba ne. Wato alƙali ya duba hujja ya sake shi, sai aka zagaya ta bayan gida aka mayar da shi.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta jihar Nagaland a 2025. Mutum biyu aka tsare, aka miƙa musu tulin takardu da Turanci, harshen da ba sa karantawa, aka ce ai an yi musu bayani da baki. Kotu ta ce wannan bai wadatar ba, ta sa aka sake su. Ku ɗan tsaya a nan. A ba ka takardar da ta ƙunshi dalilin raba ka da iyalinka shekara guda, ka juya ta sama ka juya ta ƙasa ba ka gane ko harafi ɗaya ba, a ce kuma kana da damar ka rubuta ƙorafi. Ƙorafi a kan me? Yanzu ka ɗauko wannan ka ɗora a kan ɗan ƙauyenmu da ko sunansa da boko ba ya iya rubutawa.

Kuma waɗannan su ne fa waɗanda 'yan uwansu suka iya ɗaukar lauya har zuwa Kotun Ƙoli a Delhi. Wanda ba shi da ko kuɗin mota sai dai ya ƙirga kwanakinsa.

Mu kanmu ai ba baƙin abin ba ne, mantuwa ce dai da mu. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 haka take, a tsare mutum wata uku a yi ta sabuntawa, kuma an hana kotu ta ce uffan. Da sunan tsaron ƙasa aka kawo ta, amma su wa ta ci? 'Yan jarida da lauyoyi irin su Gani Fawehinmi da duk wanda bakinsa ya yi tsawo, gwamnati bayan gwamnati tana gadonta har sai 1999 aka soke. Yau in aka ce "ƙwaya" ce hujjar, gobe duk wanda ya yi faɗa da mai unguwa ko ya nemi yarinyar da wani babba yake so ya zama dila, kowa ya san yadda ake kai sara a garin nan.

Abin takaicin ma dokarmu a takarda ta fi ta Indiya sauƙi nesa ba kusa ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce ko alƙali ne ya ba da izinin ajiye mutum, kwana 14 ne a karon farko, sai an dawo an kawo dalili kafin a ƙara, ta kuma hana a kama wani a madadin wani. Lauya zai iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu a tilasta a fito da mutum. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke. To in da wannan katangar ma haka muke, ina ga an rushe ta?

Akwai yaron maƙotanmu mai tuƙa adaidaita sahu. Wani fasinja ya ɗora masa kwali biyu daga kasuwa ya ce kayan kemis ne, suna zuwa shingen bincike mutumin ya ce bari ya yi fitsari, shi ke nan ko ƙurarsa. Sati bakwai yaron nan yana tsare ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Kullum da hantsi sai in ga babarsa ta fito da kular abinci ɗaure a ɗankwali, tuwon da ta tuƙa tun asuba, wataran a karɓa wataran a ce ta dawo gobe. Ni ban ce ba shi da laifi ba, ban kuma ce yana da shi ba, ban buɗe kwalin nan ba kuma ban san abin da suka ƙulla da fasinjan ba, aikin alƙali ke nan kuma shi ne ba a bari ya yi ba. Sai da wani lauya ɗan unguwa ya rubuta takarda shafi biyu ya ambaci sashe na 35 ɗin nan, cikin kwana huɗu aka kai shi kotu, aka ba da beli.

Ana nan ana shari'ar har yanzu. Mai adaidaitar ya karɓe kayarsa ya ba wani, yaron yana bin wani kawunsa aikin gini, fasinjan kuwa har yau ba wanda ya ce ya gan shi.