Da a Kiyoto aka haifi Gwaggo

Tambaya ce wani dattijo ya yi min a ajin koyon kayan zaƙi, yau sati biyu ke nan kuma ta ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko na samu sauƙi.

Shekarata ta uku ke nan a Kiyoto, wani birni a Japan. Maƙwabciyata, wata baiwar Allah 'yar Japan da ta kusa sa'ar Innata, ita ta dame ni da lallai sai na je na koyi wagashi, wato kayan zaƙinsu na gargajiya da ake ci da shayi. Na yi ta zillewa saboda kun san halin da muke ciki da abinci a ƙasar nan, komai sai ka juya bayan leda ka duba ko an sa giyar girki ko wani abu na alade. Sai da ta kira shagon a gabana suka tabbatar mata wake ne da garin shinkafa da sukari kawai, sannan na yarda. Yen 3,000 na biya.

A saman shagon ake yin ajin. Ka cire takalmi a ƙofa, ka wanke hannu har gwiwa, a ba ka kyallen ɗaurawa a gaba. Mu 8 ne, kowa da tiren katako a gabansa, a kai an jera 'yan ƙananan dunƙule na kwaɓi, fari da ruwan hoda da ɗorawa da kore da ja, kowanne an auna shi a sikeli, ga jiƙaƙƙen tsumma a gefe don goge hannu, ga rariya, ga tsinken cin abinci masu siririn baki, ga kuma wata 'yar sanda ta katako mai kusurwa uku da suke ce wa sankakubera. Ɗakin tsit kamar ana jarabawa. Malamin ya haura saba'in a ganina, cikin fararen kaya da farar hula, kowa sensei yake ce masa, ni ma haka.

Abin da muka yi sunansa nerikiri. Farin wake ake dafawa har ya narke, a raba shi da ɓawo, a tace, a zuba ruwa a bari ya kwanta a tsiyaye, a sake, a matse a kyalle, sannan a tuƙa shi da sukari a wuta har ya kama jikinsa, a ƙara ɗan danƙo na garin shinkafa mai yauƙi don ya yarda a sarrafa shi. A cikinsa kuma a ƙunshe anko, wanda shi ma jan wake ne da sukari, waken azuki, mafi yawansa daga Hokkaido can arewa ake nomo shi. Wake da sukari fa. Ni sai da na shekara a ƙasar nan kafin harshena ya yarda da wannan haɗin, mu da muka san wake da mai da yaji.

Watan Nuwamba ne, don haka furen kiku aka sa mu yi, shi ne furen da ke bangon fasfonsu mai ganye 16, kuma alamar gidan sarautarsu. Sensei ya ɗauki farin kwaɓi ya baje a tafin hannu, ya ɗan lotsa tsakiyar da yatsa ya cusa ruwan hoda kamar ƙwayar gyaɗa, ya shafe, sai ga launin yana leƙowa ta ƙarƙashin farin kamar kunya a fuskar yarinya. Ya ɗora anko a tsakiya yana juyawa da yatsu uku yana turawa da babban yatsa har bakin ya rufe ruf. Sannan ya kafa gefen sandar nan daga ƙasa ya mirgino ta sama, layi ɗaya, ya juya, wani layin, hannun dama ba ya barin wurinsa, na hagu ne ke juya abin. Bai kai minti biyu ba fure ya fito. Nawa kuwa anko ya ɓullo ta gefe sau biyu, ya zo ya tsaya a kaina ya ce tafin hannuna ya bushe ne, in taɓa tsumman nan, kuma kada in daɗe ina riƙe da shi don zafin hannu yana ɓata shi. Na biyun ana ce masa kinton, shi kuma kwaɓin ake dannawa ta rariya ya fito siri siri kamar taliyar murji, sai ka bi da tsinke kana ɗauka kana mannawa jikin anko, ja da ɗorawa da kore, wai dutse ne lokacin da ganyen bishiyoyi suka sauya launi. Kowane guda da sunansa, sunan ma irin na waƙa, kuma da lokacinsa. Ba za a sayar maka da furen sakura a Nuwamba ba ko nawa za ka biya, sai bazararsu ta zo.

Da muka gama aka kawo macca, koren shayin nan mai ɗaci da kumfa, aka ce a fara cin zaƙin tukuna da wani ɗan tsinken icce mai ƙamshi, a bi da shayin. A nan ne sensei yana zagayawa ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya, ya ce ku me kuke da shi irin wannan. Wallahi da sauri na ciro waya, don na ji daɗin tambayar. Na nemo hotunan garar ƙanwata, ga alkaki cike da robobi, ga dubulan, ga nakiya. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya cire tabarau, ya buɗe hoton alkakin da yatsu ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan naɗin da hannu aka yi ko da wani ƙarfe. Na ce da hannu. Ya ce duk waɗannan, mutum nawa. Na ce mace ɗaya da 'yan tayi. Sai ya ce kwana nawa kwaɓin yake yi kafin a soya, me ke sa shi danƙo, shekara nawa mutum ke yi yana koyo, wa ke koyarwa. Ƙarshe ya gutsuro ragowar kwaɓi ya miƙo min ya ce in nuna masa yadda ake naɗin.

Ban iya ba. Na murza shi ya yi tsawo, na kewaya a yatsu biyu, daga nan na tsaya. A gidan da ake yin alkaki na tashi, Gwaggo yayar Babanmu da shi ta aurar da 'ya'ya huɗu, ƙamshin man gyaɗa da ruwan sukari da tsamiya shi ne ƙamshin tsakar gidanmu duk ƙarshen shekara, amma ban taɓa zama na naɗa ko guda ɗaya ba. Dattijon nan bai ce komai ba, ya ɗan rusuna ya ce a gaida mai wannan hannun. Ni kuma a jirgin ƙasa har gida hawaye nake dannewa.

Tun ranar nake ta tunani, kuma abin da na gani shi ne mutanen nan hannunsu bai fi na matanmu ba ko kaɗan, girmamawa suka fi mu. Ku duba fa. Ranar 16 ga Yuni ta kowace shekara ranar wagashi ce a Japan, ƙungiyar masu sana'ar ta tsayar da ita tun 1979, suna danganta ta da wani sarkinsu da aka ce ya yi sadakar kayan zaƙi 16 a shekarar 848 don neman tsari daga annoba. A 2022 gwamnati da kanta ta shigar da sana'ar yin nerikiri ɗin nan cikin rajistar al'adun ƙasa da ake karewa. Akwai jarabawar ƙwarewa ta ƙasa, mai yin kayan zaƙi ya zauna ya ci a ba shi satifiket mataki mataki. Shagon Toraya a nan Kiyoto ya fara wajen shekara 500 da suka wuce, daga baya ya riƙa kai wa fada, da sarki ya koma Tokiyo a 1869 suka bi shi, har yau suna nan. Akwai ma wani ɗan shago a bakin wurin bautar Imamiya, Ichiwa, da ake cewa tun shekarar 1000 suke gasa 'yan curin mochi, wato kirɓaɓɓiyar shinkafa mai yauƙi, a tsinke, gida ɗaya, sana'a ɗaya. Na je na gani da idona, mutane na layi.

Mu kuma fa? Gwaggo ta fi shekara 40 tana wannan aikin. A ɓarzo alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa a rufe ta kwana har ta yi tsami, a zuba a turmi a kirɓa da ruwan kanwa har ta yi danƙo, a zauna tun asuba ana naɗi, ga hayaƙin icce a ido, ga zafin kasko. Amma mace za ta shigo da mota da gwal a wuya ta tsaya tana neman ragi a kan mudu, har da cewa ai wance ta fi araha. Wannan matar kuma gobe za ta biya kuɗin kek mai hawa uku ba ta ce uffan ba, har ta sa sunan mai kek ɗin a Instagram. Wa ya taɓa sa sunan mai alkaki? A wurin biki ana cewa kai alkakin nan ya yi kyau, a cika jaka, babu mai tambayar hannun wa. 'Yan matanmu suna biyan kuɗi su koyi samosa da donat da ado a kan kek, ban ce laifi ba ne, sana'a ce, amma ka ce wa yarinya ta je ta zauna gaban tsohuwa ta koyi dubulan sai ta ga kamar ka raina ta. Ni ma ina cikinsu, na tsallake Gwaggo da ke koyarwa kyauta na zo ƙarshen duniya na biya yen don in koyi na wasu.

Kada a ce na zo Japan na ruɗe. In dai daɗi ne a baki, wallahi ba za ka haɗa nerikiri da nakiya ba. Nasu duk kyan da ka gani, fure ne ko tsuntsu ko dutse, ɗanɗanon kusan ɗaya ne, wake da sukari, babu citta babu kanunfari babu kimba babu man shanu, babu abin da zai tsaya maka a maƙoshi ka tuna shi gobe. Kuma kwana ɗaya biyu ya lalace, a kwalin ma an rubuta a ci yau. Namu an yi shi ne don amarya ta tafi da shi gidan miji ta yi watanni tana fita kunyar baƙi, nakiya kam tana daɗewa tana ƙara daɗi. Su don ido da mutum ɗaya a faranti suke yi, mu don dangi da unguwa. Sannan maƙwabciyar tawa ta ce su ma jikokinta kek da cakulan suka fi so, ƙananan shaguna na unguwa suna rufewa in mai shi ya tsufa babu magaji. To amma ko da shagon ya rufe, an rubuta, an auna, an ɗauki hoto, akwai makaranta, wani zai iya tasowa ya ɗora. Namu a hannun tsofaffi kawai yake, ranar da aka ɗauki tsohuwa zuwa makwancinta an tafi da shi.

Washegari na lissafa awa takwas ɗin da ke tsakaninmu na jira ta idar da walaha na kira ta bidiyo ta wayar jikarta. Na ce Gwaggo alkaki nake so ki koya min. Ta yi dariya har da tafa hannu ta ce yau kuma 'yar boko, ko mijin naki ne ya yi kwaɗayi. Na ba ta labarin dattijon nan da gaisuwar da ya aiko, ta yi shiru, ta ce Allah sarki, ina amsawa, ashe can ma akwai masu hankali. Na ɗauko biro na ce mudu ɗaya na alkama mai nawa ake sawa. Ta ce ke ai ido ne ke aunawa, in kin murza kin dunƙula a hannu bai wargaje ba ya isa. Na ce kanwa fa. Ta ce har sai tsamin ya kwanta, ki ɗanɗana. Na ce to nuna min naɗin.

Sai ta ɗago hannuwanta gaban waya. Shekara uku rabona da ganinsu. Gaɓoɓin duk sun kumbura, manuniyar dama ta karkace. Ashe tun bara ta daina karɓar aiki, garar ƙanwata ce ta ƙarshe da ta yi, kuma babu wanda ya gaya min don a gidan ba a ɗauke shi labari ba. Ta sa aka miƙo mata igiyar zanen jikarta, da ita ta nuna min a hankali, ta kewaya a yatsu, ta karya, ta soke bakin ta tsakiya, intanet na yankewa tana sakewa, har sau biyar.

Na samo bulgur a shagon halal na wasu 'yan Pakistan, ita ce mafi kusa da ɓarzajjiyar alkama da na iya samu, kanwa kuma akwai 'yar ƙullin da na zo da ita. Sanyi ya shigo, kwaɓin farko kwana biyu ya yi bai yi tsami ba, Gwaggo ta ce in naɗe robar da bargo in ajiye kusa da hita. Na biyun yana can yanzu a naɗe, jibi Asabar za ta sake kira mu gani, ta ce in tanadi man gyaɗa kada in soya mata alkaki da wani mai daban.