Littafin da Kakana Ya Bari a Aljihu

'Yan uwana matasa, shekara 3 ke nan da rasuwar kakana, mahaifin mahaifina, kuma duk lokacin da ranar ta zagayo sai mu jikokinsa mu cika Facebook da WhatsApp da hotonsa, kowa yana rubuta addu'ar Allah Ya jiƙan tsoho, jama'a suna amsawa da amin. Ban ga laifin addu'a ba, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya lissafa addu'ar ɗa nagari cikin abubuwa 3 da ba sa yankewa bayan mutuwa, tare da sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a cikinmu masu ɗora hoton nan akwai waɗanda rabonsu da gaisawa da juna tun ranar da aka raba gado.

Tsohon nan ba attajiri ba ne, ba kuma malamin da ake zuwa ɗaukar karatu a wurinsa ba ne. Mutum ne mai iyali, wanda ya haura shekara 80 yana ɗauke da gida guda a wuyansa ba tare da ya taɓa yi wa kowa gori ba. Idan ya dawo daga sallar asuba ba ya komawa barci sai ya bi ɗaki-ɗaki yana kiran sunan kowa, kuma idan aka yi jinkirin amsawa zai tsaya a bakin ƙofa har sai ya ji murya. A lokacin muna ɗaukar wannan takura ce, ni kaina na sha jan bargo in rufe kai ina gunaguni.

Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihun gaban rigarsa, gefensa duk ya cinye saboda yawan buɗewa. Mu yara mun yi zaton sunayen waɗanda yake bi bashi ne a ciki. Da aka buɗe shi bayan rasuwarsa sai aka tarar da akasin haka: a shafukan farko ya rubuta duk wanda yake binsa, komai ƙanƙantar abin, kuma ya ja layi a kan kowane suna tare da ranar da ya biya. A shafukan baya kuwa sunayen dangi ne, na kusa da na nesa, kowanne da ranar da ya ziyarce shi ta ƙarshe, har da wata ƙanwarsa da suka taɓa samun saɓani, wadda na ga sunanta ya fi na kowa yawan ranaku. Ashe da wannan littafi yake yi wa kansa hisabi, yana duba wanda ya daɗe bai leƙa ba. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, kuma shi wannan bawan Allah bai yarda ya bar wa kowa wahalar biya masa ba.

Matsayin kaka ba ƙarami ba ne, kuma tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ishe mu misali. Mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'i yana da shekara 6, sai kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi har ya kai shekara 8. Shekara 2 kacal suka yi a wannan riƙo, amma a ranar yaƙin Hunaini, cikin shekara ta 8 bayan Hijira, fiye da shekara 50 da rasuwar tsohon, da sahu ya watse ya tsaya yana shelar cewa shi ne Annabi ba ƙarya, shi ne ɗan Abdulmuɗɗalib. Da shi ma ya zama kaka, an gan shi yana salla ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, yana ajiye ta idan zai yi sujada, yana ɗaukarta idan ya miƙe.

Inda na fi so mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa shi ne batun gado, domin nan ne gidaje da yawa suke rushewa alhali ƙasar kabarin ba ta bushe ba. A hukuncin gado, jikan da mahaifinsa ya riga kaka rasuwa ba ya samun kaso matuƙar akwai ɗan mamacin namiji a raye. Kakana ya san da haka, kuma yana da jikoki marayu, saboda haka ya yi musu wasiyya tun yana da lafiya, bai kuma wuce sulusin dukiya da shari'a ta iyakance ba. Duk da haka sai da aka samu masu ɓata rai, ana ƙus-ƙus cewa an rage musu rabo, kamar ba a karanta aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ba, wadda ta ce idan dangi da marayu da miskinai sun halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Rigimar ta iyaye ce, amma mu 'ya'ya muka ɗauke ta muka mayar da ita tamu, har ɗan wa da ɗan ƙane suka koma haɗuwa a hanya kowa yana duba wayarsa. Wanda ya gaji fushin mahaifinsa ya bar zumuncin kakansa, to, ya zaɓi mafi munin kaso da hannunsa. Ku ɗauki waya ku kira 'yan uwan nan, kada ku tsaya jiran wanda zai fara, domin wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri a cikin masu gaba, kuma an hana musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana 3.

Sai kuma waɗanda ya bari a baya, wato matarsa da ta koma zama ita kaɗai bayan taron ta'aziyya ya watse, da aminansa da suka saba zama da shi. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da abokan tafiyarsa suka yi mamaki, sai ya ce mahaifin mutumin aminin Umar ne, kuma ya ji Annabi yana cewa mafi girman biyayya ita ce mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa.

Sai a bana na iya zuwa gaida babban aminin kakana, abin kunya ne amma gaskiya ce. Na same shi idanunsa sun tafi, yana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Da na yi sallama na ce, "Baba, ni ne jikan amininka," sai ya miƙo hannu ya riƙe nawa ya ƙi saki, ya ce muryata irin ta kakana ce sak lokacin suna samari. Ya lissafo mini 'ya'yan kakana ɗaya bayan ɗaya bai tsallake kowa ba, sannan ya ce, "To, jikana, su sauran fa? Kuna dai haɗuwa ko?" Na sunkuyar da kai duk da na san ba ya ganina, na ce masa suna gaishe shi.